Maman Laraba

Inna, wani mutum ne ya je ya kunyata kansa a gaban 'yar giwa. Kin san shi. Ke kika goya shi.

Tun da muka dawo daga kai ki makwancinki, ban yi aikin fari ba, ban yi na baƙi ba. Gari na wayewa sai in tafi teburin mai shayi in baje baki, don gidan ya yi min faɗi. Da kina nan, da kin leƙo ta katanga kin ce, "Barau, rage gishiri." Yanzu ba mai cewa, sai na yi ta zubawa.

Ran nan Lawandi direba, wanda ke kai buhunan madara gandun marayun giwaye, ya ce ana neman mai kula da su mutum ɗaya. Aiki, Inna! Abin da kika yi ta roƙa min har muryarki ta dushe. Maimakon in ce ya taimaka ya kai ni, sai na ji bakina yana cewa, "Giwa? Ai mu gadonmu ce. Kakana Mati in ya yi gyaran murya a daji, giwaye layi suke yi su durƙusa."

Kaka Mati fa, wanda tunkiya mai jego ta taɓa kora har kan rumbu.

Lawandi ya ce, "Allah, Barau?"

Na ce, "Har yarensu ina ji."

Washegari muka kama hanya. Muna isa ya gabatar da ni wurin Baba Tanimu, shugaban masu kiwon, wani dattijo siriri mai koriyar riga. Lawandi bai rage ko kalma ɗaya ba, har da durƙuson. Baba Tanimu ya dube ni daga hula zuwa silifas ya ce, "Masha Allah. Yau mun yi babban baƙo. Bismilla, lokacin ba su madara ya yi."

Inna, ashe ƙanana ne. Tsayinsu bai wuce ƙuguna ba, ga gashi tsilli-tsilli a ka kamar na jariri. Sai na ji ƙarfin gwiwa.

Ga yadda suke yi. An ɗaura igiya tsakanin bishiyoyi biyu, an rataya wani ƙaton bargo mai ruwan toka. Mai kiwo yakan ɓuya a bayan bargon, ya zuro bulumboti, wato kwalbar shayar da madara, ta ƙasa. 'Yar giwar sai ta jingina hancinta da bargon, tana zaton cikin uwarta ne, sannan ta sha. Duk suka sha, ban da wata ramammiya da ta tsaya gefe tana shinshina bargon tana ja da baya.

Baba Tanimu ya ce, "Wannan Laraba ce, ranar Laraba aka tsamo ta daga rami. Uwar ba ta yi rai ba. Kwana goma sha biyu ke nan, sai ta kurɓa ta ƙi."

Ya kamata in yi shiru. Ban yi ba.

Na ce, "Baba, ai wannan bargon ne ya ɓata muku aiki. Wasan ɓuya kuke yi da giwa? Mu a gidanmu ido da ido ake yi."

"Ɗana, kar ka taɓa..."

Fuuu! Na fizge bargon na saɓa a kafaɗa kamar mai zuwa Idi. Na ɗauki bulumboti, na tsaya gaban Laraba, na buɗe murya da yaren da na ƙirƙira a take: "Hurrr! Gwalam gwalam! Durƙus!"

Ta dube ni. Ta dubi igiya, wayam. Ta dubi kafaɗata. Kunnuwan nan suka buɗe kamar faifai biyu, ta saki wata ƙara, fiiiit, wadda na ji har cikin haƙorana.

Inna, ban san lokacin da ƙafafuna suka yanke shawara ba.

Ina gudu tana bi na, dif dif dif. Silifas ɗaya ya yi gabas, hula ta yi yamma. Masu kiwo suna ihu, "Yar da bargon! Bargon take bi!" Ina jin su sarai, amma hannuna ya ƙanƙame shi kamar shi ne zai cece ni. Lawandi daga kan mota yana cewa, "Yi mata yaren, Barau! Yi mata na Kaka Mati!"

Muka zaga bishiya sau uku. A na huɗu na ga wani fili mai sheƙi na ce ga hanya. Ashe kwatamin taɓon da suke birgima ne. Tsulum! Na kife rub da ciki, bargon ya rufe ni ruf.

Na ji takunta ya matso. Na yi kalmar shahada, na ƙara da "Wayyo Inna!" da muryar da ban san ina da ita ba. Ina jiran ƙafa ta sauka a bayana.

Sai na ji abu mai laushi yana lalube na. Ya bi kafaɗata, ya bi wuyana, ya zo ya kwanta a gadon bayana ya yi lamo. Ta jingino da jikinta duka, da nauyi da ɗumi. Can na ji muryar Baba Tanimu a hankali kusa da kunnena: "Jikan Mati, ko numfashi kar ka yi da ƙarfi." Ya zura bulumboti ta ƙarƙashin hammatata.

Ƙwat. Ƙwat. Ƙwat.

Ta shanye. Aka kawo na biyu, ta shanye. Ashe bargon igiya ba ya numfashi, ba shi da ɗumi, shi ya sa take ƙi. Ina kwance a taɓo ina jin wani gurnani yana fitowa daga cikinta, ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya daɗe yana neman wani a cikin gida yana buɗe ɗakuna. Na san wannan neman. A ƙarƙashin bargon nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ke. Da aka ɗaga ni na ce taɓo ne ya shiga min ido.

Baba Tanimu ya miƙo min silifas ɗina ya ce, "To, an ɗauke ka aiki."

Na gyara tsayuwa, taɓo na ɗiga daga haɓata. "A matsayin mai horar da su ko, Baba?"

"A'a. Kullum sau takwas za ka yafa bargo ka duƙa."

Wani daga cikin masu kiwon ya ɗaga murya: "Sannu da jego, Maman Laraba!" Lawandi ya faɗo daga kan mota don dariya.

Yau sati uku ke nan ba wanda ya kira ni Barau a gandun. Na sa Lawandi ya rantse ba zai faɗa ba, kuma a teburin mai shayi har yanzu suna jira in zo in ba su labarin yadda giwaye ke durƙusa min. Ni ke durƙusawa, Inna, sau takwas a rana. Ke kaɗai na gaya wa. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.