Gonar da Na Saya a Cikin Waya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Baƙar Fitila,
masu wasan waya na Ragowar Masu Rai,
uban gidan gawarwakin da suka ƙi kwanciya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyar iyali da ta ma'aikata, da ta matattun nan naku da kuke kira zombi, ina neman izini in gabatar da kaina. Sunana Almustapha Jinjiri, mutumin Runka ta ƙasar Safana, amma yanzu a Batsari nake zaune tun da mutanen daji suka hana mu sakat. In aka tambaye ni sana'a sai in ce noma, ko da yake damina biyu ke nan ban ɗaga sungumi ba. Aikin da aka fi sanina da shi a nan shi ne ɗumama benci a ƙofar shagon cajin waya.

Ranar da muka baro Runka, kowa ya ɗauki abin da ya fi ƙauna. Wasu katifa, wasu keken ɗinki. Ni kuwa na goyo ɗan damin gero, irin da mahaifina Malam Jinjiri ya yi shekaru yana zaɓa zangarniya bayan zangarniya tun a tsaye a gona, kuma babu mai irinsa sai gidanmu. Matata Hansai ta rataye shi a madafa inda hayaƙi zai kore masa ƙwari, tana kuma tuna mini lokaci zuwa lokaci cewa iri ba ya jiran mutum har abada. Ni kuma ina ce mata na ji.

Wanda ya haɗa ni da ku shi ne Yero, maƙwabcina tun a Runka, Bafulatanin da aka kore wa garke kaf, yanzu yana haya da babur. Da ya sa mini wasanku a waya na ce masa ni da furfura a gemu ba zan yi wasan yara ba. Ranar sai da tuwona ya huce har ya yi ɓawo. Daga baya kuka aiko da tallan wani ƙari da ake saukewa a ɗora a kan wasan, mai suna Ƙarin Gona. Da ɗan Turancina na sakandare na karanta cewa za a ba ni fili da iri da saniya, kuma babu mai hana ni noma. Yallaɓai, ban san wanda ya ba ku labarina ba, amma ya iya tsegumi. Na saya. Ga ƙorafe-ƙorafena cikin ladabi.

Na ɗaya, saukewar. Ban sani ba ko a ƙasarku waya na kamawa har a cikin ɗaki, mu dai a unguwarmu sai an hau tudun bayan gari. Can na tsaya da tsakar rana, hannu a sama, fuska a yamma, ina jiran ɗan layin nan naku ya cika. Abin da ban lissafa ba shi ne, in mutanen gari suka hangi mutumin Runka a kan tudu ya ƙura wa yamma ido bai motsi, ba sa tsayawa tambaya. Kafin in sauko mai tsire ya kashe wuta, mata sun kwashe shanya, an janye awaki cikin gida. Da aka tambaye ni abin da na hango na ce gona nake saukewa. Har yau akwai dattawan da in na gaishe su sai su amsa a hankali, su bi ni da addu'ar samun sauƙi.

Na biyu, tarbiyyar matattunku. A tallan kun yi alkawarin tsoro mai hana barci. Ranka ya daɗe, wa kuka tambaya? Waɗannan bayin Allah a ƙafa suke zuwa, suna jan jiki, suna nishi tun daga nesa don kowa ya shirya. Ba su da babur. Ba sa aiko da saƙon a haɗa musu kuɗi kafin a yi shuka, ba sa kora shanu, ba su taɓa ɗauke kowa su kira danginsa a waya ba. Ko gonata suka shiga, ku da kanku kuke buga mini ƙararrawa a waya ku sanar da ni, safe da rana. Ina mai baƙin cikin shaida muku cewa tun da na baro gida ban samu wurin da hankalina ke kwanciya kamar garinku ba. Ba ina cewa ku gyara ba ne, don Allah ku bar su yadda suke.

Sai dai akwai gyara ɗaya. Na farkon da na fara cin karo da shi tsoho ne mai farin gemu, yana ɗingishi ya nufo ni. Ni kuma ba a yi mini tarbiyyar ɗaga wa sa'an ubana sanda ba, sai na tsaya ina laluben inda ake dannawa a durƙusa a yi gaisuwa. Akwai wurin duka, akwai na gudu, akwai na tsalle, babu na gaisuwa. Ina cikin nema dattijon ya kama wuyana ya ciza. Haka ake yi a wajenku, a haɗu da babba a hanya ba ko sannu?

Na uku, kuma shi ne ya kashe ni, maganar gawa. Da na koyi kare kaina, sai na ga duk wanda na buge yana faɗuwa ya zauna nan a fili, rana na dukansa. Kun ba ni shebur a cikin kayan gona, na kuwa yi abin da kowane ɗan Musulmi zai yi. Na duba inda ranarku ke fitowa na ƙiyasta gabas, na haƙa, na ja shi na rufe. Na gama ke nan wani ya iso. Yero ya leƙo wayata ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ramukan na shuka ne, gawarwakin kuma in ka juya baya ɓacewa suke yi da kansu. Su ɓace su je ina? Wa ya ɗauke su, wa ya sallace su? Mu da muka sha shiga daji neman namu don kawai mu samu abin da za mu rufe, ba a gaya mana gawa ta ɓace mu ce madalla. Na ci gaba da aikina. Yau filin da kuka sayar mini babu inda za a sa ƙwayar masara, kaburbura ne layi-layi tun daga bakin rijiya har shinge, kuma ko maki ɗaya ba ku taɓa ba ni a kan wannan hidima ba. Ina kyautata zaton ni ne manomi na farko da ya sayi gona ya mayar da ita maƙabarta da hannunsa.

Na huɗu ba nawa ba ne, saƙon Yero ne. Ya ce in tambaye ku wace irin saniya ce wannan, ba tozo, ba ƙaho, ba maraƙi, nono kuma a kwalba yake fitowa. Ya kira ta da duk kiran da ya iya, ko kunne ba ta kaɗa ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ajiye wayar ya fita waje, bai dawo benci ba sai washegari. Tun ranar ya goge ƙarin daga wayarsa, ya koma dukan matattu kawai.

Na biyar, ruwa. Kun ba ni iri a 'yar takarda, masara da kabewa da wani jan abu da ban san sunansa ba. Gero babu, na yafe. Na ajiye irin ina jiran ruwan shuka kamar yadda aka koya mini, don ko kafin kaburbura su cinye filin na ware wani lungu. Samanku kullum a haɗe yake, hadari baƙi ƙirin, ga walƙiya ga tsawa, amma ko yayyafi babu. Kowace safiya sai in buɗe waya in duba sama in ce yau kam sai ya sauka. Yero ya ce ai akwai 'yar butar ban-ruwa a jikin rijiya, da ita ake yi. Na ce masa ni ɗan Malam Jinjiri ba zan shuka masara da buta ba, ba lambun albasa nake yi ba. Ina nan ina wannan taurin kai, ranar wata Talata da hantsi ƙararrawarku ta buga, kuka rubuto mini cewa irina ya lalace saboda ya daɗe ba a shuka ba.

Salatin da na yi ya fito da Hansai daga madafa da muciya a hannu, tana tambayar wa ya rasu. Na gaya mata gaskiya. Ta dube ni, ta dubi wayar. Ta koma ta taka turmi ta sauko da damin mahaifina, ta kawo gabana ta girgiza. Wani gari-gari ya zubo a kan tabarma, aikin ƙwari. Ranka ya daɗe, rabon da in ɗaga kai in dubi wannan dami tun ranar da na hau tudu. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, ga ni zaune ina makokin masarar cikin gilashi.

Hansai ta murje zangarniya ɗaya, ta zuba ƙwayoyin a jiƙaƙƙen tsumma ta rufe da ƙwarya. Bayan 'yan kwanaki ta buɗe a gabana. Wasu sun fasa sun fito da farin tsiro, waɗanda suka yi shiru sun fi yawa. Ta ce, "Baban Mahfuza, wanga ma lalacewa zai yi, kuma shi babu mai bugo maka ƙararrawa. Ko ya shiga ƙasa bana, ko in surfa shi in yi maku fura." Ta ɗauki ƙwaryar, har ta kai ƙofar madafa ta ƙara da cewa, ba tare da ta juyo ba, "Ni dai na fi son furar."

Na san abin da take nufi, don ta san inda gonar take. Na nemi aron fili a nan Batsari, na je har Karare, ko'ina an riga ni, masu gudun hijira sun fi filayen yawa. Saura gonata ta Runka, wadda ke yamma da gari, ta gefen da ba a so. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji, irin wanda ba ku iya sakawa a wasanku ba. Amma in aka sha wannan gero a fura, an shanye zaɓen mahaifina ke nan har abada, kuma ni ne na zauna a benci aka yi.

Jiya ruwa ya sauka, na gaske. Na tona ƙasa da hannu na ga ya ratsa. Hansai ta sussuke damin ta sheƙe, ta ƙulle irin a ƙyalle, ta fito mini da sungumi daga ƙarƙashin gado. Gobe in Allah ya kai mu Yero zai ɗauke ni, tare da wasu mutanen garinmu da su ma suka ce a gwada. Za mu shiga da sassafe, mu shuka abin da ya samu, mu fito kafin la'asar. Kuma a bisa al'adar wannan hanya ba a tafiya da waya, don kada a tare mutum a samu lambobin danginsa a aljihunsa. Saboda haka gonata ta wajenku za ta wuni babu mai tsaro. In matattunku sun shiga, su shiga, 'yan'uwansu ne a kwance a ciki.

Na shida ba ƙorafi ba ne, tambaya ce da roƙo. Duk lokacin da aka cinye ni a wasanku, wani ɗan koren wuri yana fitowa da rubutun Sake Gwadawa, in danna in tashi garau da shebur ɗina. Na danna shi ya fi a ƙirga, ban taɓa yi muku godiya ba, yau na gode. Shin a cikin ƙare-ƙaren da kuke sayarwa akwai wannan shi kaɗai, wanda mutum zai iya sawa a aljihu ya hau babur da shi? Ba ni na tambaya ba. Hansai ce, wadda ba ta taɓa kula wasanku ba, ta tsaya a bayana jiya ta ga na mutu na tashi, ta ce in tambaye ku ko ana samu.

In babu, ba komai, mun saba. Roƙona dai ɗaya ne, kuma ina yin sa da gwiwa biyu a ƙasa duk da ba ku tanadi wurin dannawa ba. Gobe wayar tana hannun Hansai. Ba ta karanta Turanci, kuma duk ƙarar da wayar za ta yi, zuciyarta ce za ta faɗi kafin ta duba. Don girman Allah ku riƙe ƙararrawarku daga fitowar rana zuwa la'asar. Ko matattu sun cinye shingen da saniyar da rijiyar, kada ku sanar da kowa. Ku bari in dawo in gani da idona.

Ina roƙon afuwa in na yi tsawon baki a gaban manya. Allah ya ƙara wa kamfani ɗaukaka, ya ba matattunku makwanci.

Naka mai biyayya a raye da kuma duk lokacin da aka cinye shi,

Almustapha Jinjiri Runka,
mai haƙa kabari kyauta a Ƙarin Gona,
manomi daga gobe in Allah ya yarda.