Injin turbo a shanyar tattasai

Har gobe ina cewa laifin birki ne, ba nawa ba.

Shekara biyu na yi a garejin Bukar a Diffa ina tada wata tsohuwar motar tsere. Ranar da muka ɗora mata injin turbo mai ƙara gudu, Bukar, da ke kirana Mushe, wato Malam da Faransancinmu, ya ce, "Mushe, wannan birkin ya tsufa, ba zai riƙe ta ba. Bari mu canza."

Na ce, "Don gudu na haɗa ta. Wa ke zancen tsayawa?"

Na kama hanyar Shetimari, gwiwar hannu a taga. Lokacin shanyar tattasai ne, bakin hanya jawur. Sai jaki ya gitta. Na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa. Motar ta afka cikin shanyar wani dattijo, ta niƙe ta lilis kafin yashi ya riƙe ta.

Na fito ina atishawa, hawaye shaɓe-shaɓe. Dattijon ya ƙare min kallo ya ce, "Sannu ɗana. Nawa kake niƙa buhu?"

Tuni na rabu da motar. Amma har yau in na ratsa kasuwa, sai mata sun ɗaga kwano: "Mai niƙa, yau injin na aiki?"