Ranar da Na Yi wa Rayayye Ta'aziyya

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da mutanen Tasawa sun yi mini alheri sun manta (ba su manta ba, na bincika).

Lokacin ina shekara ta biyu da fara koyar da tarihi a wani kwalej na garin. Kowace shekara bayan girbi akan haɗa kokawa tsakanin ɗaliban Tasawa da na Mayahi a cikin harabar lakwal, wato makarantarmu, ƙarƙashin itatuwa, ƴan kallo ba su wuce ɗalibai da masu sayar da ƙanƙara ba. Ni ne na miƙe a taron malamai na ce wannan raini ne ga kokawa, a kai ta babban filin kokawa na gari, inda kowa zai gani. Daraktanmu, dattijo marar yawan magana, ya dube ni ya ce, "Mushe" (haka ake kiran malamin boko a nan), "in abu ya ɓaci nan, mu kaɗai munka gani. Can ko, gari duka za shi gani." Na ce babu abin da zai ɓaci.

Aka ba mu filin. Aka zuba sabon rairayi, aka kewaye shi da buhuna, aka ɗauko lasifika da makaɗa. Jama'a suka zo fiye da tsammanina: mutanen Kona, na Hawandawaki, har da na Isawan da suka biyo yaransu a bayan babbar mota. Perfe, shugaban gundumarmu, da kansa ya zo ya zauna a rumfar manya. Da yake ni na kawo shawarar, ni aka miƙa wa mikoro, abin magana a lasifika. Darakta ya ce in kira sunaye kawai, in faɗi wanda ya yi kaye. Amma duk wanda bai taɓa jin muryarsa tana fita daga lasifika huɗu ba, ba zai gane abin da ke shiga kan mutum ba. Kafin azahar na fara yi wa yara kirari, kafin la'asar ina ba jama'a tarihin kokawa da babu wanda ya tambaye ni.

Ɗalibinmu da ya kai karon ƙarshe shi ne Habu, ɗan ajin ƙarshe, yaro mai kunya daga Kona. Kowa ya san jikan Sanda Dogo ne, tsohon ɗan kokawar da ake ba da labarinsa a yankin. Ni ban taɓa ganin tsohon ba, sunansa kawai na sani, kuma na yi ta maimaita shi a mikoro kamar tare muka tashi.

Ana gyara rairayi don karon ƙarshe sai saƙon murya ya shigo wayata daga wani abokina malami. Na kara a kunne cikin ƙarar ganguna. Abin da na ji shi ne, "Inna lillahi, Sanda ɗan kokawa ya rasu da safen ga..." Akwai sauran magana a saƙon, amma ban tsaya na ji ba. Zan faɗi gaskiya, ko da ba ta yi mini kyau: abin da ya fara zuwa raina ba tausayi ba ne. Na ga dama ce ta in yi jawabin da perfe zai tambayi sunana.

Na ɗaga hannu, makaɗa suka tsaya. Na sassauta murya na ce, "Jama'a, yau ƙasar nan ta yi babban rashi. Allah Ya yi wa Sanda Dogo na Kona rasuwa." Na yaba ƙarfinsa, na yaba halinsa, har na ce bai taɓa juya wa abokin karawa baya ba (ina na san wannan?). Sannan na roƙi kowa ya miƙe a yi masa Fatiha.

Perfe ya miƙe, kowa ya miƙe. Sai na ji kuka daga bakin rairayi. Habu ne, ya riga ya tuɓe ya ɗaura layunsa, ya durƙushe ya kifa kai a ƙasa. Wallahi har wannan lokacin ban tuna cewa yaron da kunnensa yake jin labarin a karon farko ba, daga lasifika, a gaban gari.

Ana cikin shafa Fatiha na lura ɓangaren mutanen Kona ba su ɗaga hannu ba. Duk sun juya suna kallon wani dogon tsoho mai shuɗiyar riga da ke tsakiyarsu, shi kaɗai ya ɗaga hannuwa yana addu'a da gaske. Daga baya aka gaya mini kunnensa ya yi nauyi, ya ga an miƙe ya miƙe. Da ya shafa ya tambayi na kusa da shi, "Wa ya rasu?" Aka ce, "Kai ne, Baba."

Ya zo ne ba tare da ya gaya wa jikansa ba, don kada yaron ya rikice.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Tsohon ya ratso rairayi da sandarsa, a hankali. Ya fara zuwa wurin Habu, ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi. Yaron ya dube shi, ya rungume shi. Sannan ya nufo ni. Mikoro na hannuna, kuma ban kashe shi ba, don haka duk abin da ya biyo baya gari ya ji.

"Ɗana, wa ya gaya maka na mutu?"

Na ce, "Baba, a waya ne."

"To, kunna mu ji."

Na kunna, na kara masa a kunne. Wannan karon aka ji saƙon har ƙarshe: Sanda ɗan kokawa ya rasu, Sanda Gajere na Hawandawaki, za a yi jana'iza kafin azahar.

Fuskar tsohon ta sauya. Ashe Sanda biyu ne, sa'annin juna, sun kwashe ƙuruciyarsu suna kayar da juna a kasuwannin yankin, daga baya suka zama aminai. Ya ce, "Sanda? An ma rufe shi?" Ya sa gefen riga ya share ido. Sai ya karɓi mikoro daga hannuna ya ce, "Jama'a, Fatihar da kunka yi mini na gode, ku aje mini ita, tana da rana. Ku sake wata ga ɗan'uwana. Ya fi ni kokawa, yau na hwaɗa."

Aka sake Fatiha. Ni dai ban san ko na karanta ba.

Aka yi karon ƙarshe. Habu ya shiga da jajayen idanu, ɗan Mayahi ya kayar da shi tun kafin makaɗa su kama kiɗa sosai. Shekararsa ta ƙarshe ce a kwalej, babu wata dama. Wannan ya fi komai yi mini nauyi, har yau.

Washegari na ari babur na tafi Kona ba da haƙuri. Na tarar da tsohon yana neman wanda zai kai shi gaisuwa Hawandawaki, sai na goya shi. Muka yi ta fama da rairayin hanya. Sai da muka hango garin ya taɓa kafaɗata ya ce, "Mushe, abubuwan da ka hwaɗi kaina jiya sun yi mini daɗi. Saidai rabi duk na Sanda Gajere ne. In mun isa ka maimaita ma ɗiyanshi." Na maimaita musu, a zaune kan tabarma, da ƙaramar murya. Habu kuwa, da na ba shi haƙuri a lakwal, cewa ya yi, "Ba komi, Mushe, tunda yana da rai." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Har yanzu ana yin kokawar a babban fili, kuma tana cika. Ni aikina yanzu jera kujeru. Na koyi sauraron saƙo har ƙarshensa, sau biyu. Kuma in na ji an yi rasuwa, kafin in buɗe baki sai na waiga hagu da dama, ko mamacin yana wurin.