Ƙwan Zabin da Na Sa wa Kazata

Farkon damina ne, shekarar da ruwa ya sauka da wuri, gari ya yi luf. Kazata ta fara kwanci, sai ga maigida daga Bici da ƙwan zabi a leda. Ban tambaya ba, na jera mata su a akurki. Kullum ina tankaɗe ina hango zabina sun cika tsakar gida, har a raina na raba wa yara nasu.

Kwanci ya yi nisa, sai maigida ya ce, "Maman Hafsatu, wai yara sun ji daɗin dafaffen ƙwan nan?"

Sai na tuna ƙullin yajin da ke cikin ledar.

Washegari na ɗaga kazar, na ba ta haƙuri. Har yau maƙwabciyata kan leƙo ta katanga ta ce, "Uwar zabi, a kawo gishiri?"