Rasuwar Baƙa, Robar Ɗaure Kaya

Da zuciya mai nauyi wadda baƙin ciki ya cika, ni tsohon mai amalanke na bakin kasuwa, tare da iyalina, muna sanar da 'yan'uwa masu dako da duk wanda ya taɓa zuwa aronta, rasuwar robar ɗaure kayanmu da kuka sani da Baƙa. Ta rasu shekaranjiya da hantsi a ƙofar shagon mai katifa, a bakin aiki, ta rabu gida biyu. Kafin ta cika sai da ta sami idon hagu na babban ɗana, Dogo. Yana kwance a asibiti da bandeji, kuma har yanzu likita bai ce idon zai gani ba, bai ce ba zai gani ba.

Kun san ni da karin magana. Yau babu ko ɗaya a bakina, don haka ku saurara.

An haifi marigayiya a rumfar mai faci, inda aka yanko ta daga robar cikin tayar babbar mota. Ta yi rayuwa ta amana. Ƙarfin da ka zuba mata lokacin da ka ja ta ba ya ɓacewa. Ajiye shi take a jikinta, da shi take danne kaya a kan gargada da rami, in an isa ka kwance ta mayar maka da abinka cif. Ta ɗaure kwanon rufi, ta ɗaure gado da kujeru, ba ta taɓa zubar mini da kayan mutane a titi ba.

Kowace safiya nakan rataye ta a ƙusar ƙofa, in ja, in saki. "Tas!" Haka take amsawa, ta koma daidai kan zanen gawayi da na yi a jikin ƙofar. Uwar yara takan leƙo ta ce, "Malam, in kun gama gaisawa da 'yarka, shayinka na hucewa."

Ciwon ajalinta ya daɗe, kuma bai ɓuya ba. Murya ta fara tafiya, tas ya koma laf. Sai ta fara wuce zanen gawayin, yau da yatsa, wata na zagayowa da tafin hannu. Jikinta ya yi faso kamar dunduniyar manomi. In ka ja ta ka saki ka taɓa, sai ka ji ɗumi, wato ƙarfin da aka ba ta a cikinta yake ƙonewa, ba ta iya mayar da shi duka. Da na ga haka na sallame ta daga aiki, na rataye ta a bayan ƙofa ta huta.

Dogo ne ya sauko da ita. Magidanci ne da 'ya'yansa, ba yaro ba, shi yake jan babur ɗin kaya da gidan nan yake ci da shi.

"Baba, wannan ai ta fi sababbin kanti," in ji shi. "Saki kawai ta yi. A ƙara mata ja, shi ke nan."

Na ce, "Sakin nan ba lalaci ba ne, ciwo ne. Mayar da ita inda ka gan ta."

Ya ce to. To irin na 'ya'yan yanzu.

Ashe ya fita da ita, ya sami wurin da fason ya fi zurfi ya naɗe shi da wayar ƙarfe, wai ɗori ya yi mata. A sana'ar nan ba a haɗa roba da ƙarfe. Waya tana cin roba kamar wuƙa, kuma ranar da ta tsinke, da ƙarfen a bakinta za ta dawo.

Ranar, katifun soso ya lafta. Katifa ita ma ba ta yarda da danniya, kana matsa ta tana turowa. Ya taka taya da ƙafa, ya kwanta baya, ya ja. Mai katifa ya shaida mini cewa ya ce masa, "Dogo, ya isa haka, ba ka jin kukan da take yi?" Dogo ya ce saura kaɗan. Ta ce "ƙiiit," siririn kuka. Daga nan ta tsinke daidai gindin wayar, duk abin da ya zuba mata ta mayar masa lokaci guda, a fuska. Ban ga laifinta ba. Abin da aka ba ta ajiya ta bayar.

Ta rasu ta bar ƙannenta da aka yanko daga roba ɗaya a rana ɗaya. Akwai ta hannun ƙanena, akwai ta mai gawayi, akwai wadda maƙwabcina yake ɗaure buhuna da ita. Shekarunsu ɗaya, ranar da suka sha ɗaya. Kada wanda ya zo mini ta'aziyya hannu rabbana. Ku zo da su, za a yanka su gutsi-gutsi a binne tare da yayarsu. Kafin nan, duk mai jan roba ya kauce da fuskarsa gefe.

Za a yi jana'iza gobe a bayan gidana, amma ba a sa lokaci ba sai an kwance bandeji. Likita ya ce zai rufe ido mai lafiya, ya ɗaga yatsu ya ce Dogo ya ƙirga. Na roƙe shi ya bar yatsunsa. Gawar Baƙa tana aljihuna da wayar ƙarfen a bakinta, ita zan ɗaga a gabansa, ba zan ce komai ba. Uwarsa ta ce ba za ta iya shiga ɗakin asibitin ba, a bakin ƙofa za ta tsaya tare da ku. In kun ji Dogo ya zagi marigayiya da sunanta, ku ɗauko fartanya, a yi haƙa da murna. In kuwa ɗakin ya yi shiru, kowa ya koma gidansa. Ni kaɗai zan binne ta.