Sarkin Saiwa da Haƙorin Gwaggo Gafiya

A wani daji mai yawan kaɗanya, dabbobi suna da rumfar man kaɗe wadda sunanta ya kai har ƙetaren kogi. Mansu fari ne tas, ba ƙauri, kuma kowa ya san hannun da ke ciki. Gwaggo Gafiya ce a bakin tukunya. Damina talatin tana riƙe da ludayi, ba ta taɓa ƙona mai ba, ba ta kuma taɓa tauna magana kafin ta faɗe ta ba.

Daga murhu zuwa inda ake zuba mai a ƙorai ya daskare, taku ashirin ne. A tsakiyar hanyar nan wata saiwar kaɗanya ta leƙo daga ƙasa. Ran da Gafiya ta fara ganinta ba ta fi tsinken tsire kauri ba. Ta aje ludayi ta tafi majalisar rumfa, inda Bauna yake Magaji.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, saiwa ta fito a hanyar masu ɗaukar tafasasshen mai. A sa wani ya tsinke ta."

Bauna ya ce, "An ji, Gwaggo. Za a duba."

Damina ta zagayo, saiwa ta kai kaurin muciya. Zomo ya yi tuntuɓe da ita ya fasa farce. Gafiya ta koma, aka ce ana kan dubawa. Da Bushiya ta kifar da rabin ƙwarya, Gafiya ta koma karo na uku, kuma nan ta yi kuskure. A dajin nan akwai al'ada: duk abin da aka kawo gaban majalisa sau uku ya zama babban al'amari, shi kuwa babban al'amari ba a taɓa shi da hannu, sarauta ake yi masa.

Aka buga ganga, aka yi tuwo, aka naɗa Gauraka Sarkin Saiwa. Ya dace, don dama da tukkunsa aka haife shi, ga murya. Aikinsa ya tsaya kusa da saiwa, duk wanda ya taho da mai ya ce masa, "A kula." Ranar naɗi ya yi jawabi ya ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Aka yi ta tafi. Tuwon da aka ci ran nan, da masu cin sa sun sa haƙori ɗai-ɗai a saiwar, da ba ta kwana ba.

Gafiya tana da 'ya ɗaya da ta rage mata, Kyauta, kuma tana cikin masu ɗaukar mai. A shekara ta biyu da naɗin, Kyauta ta sami ciki. Cikin ya girma har ya tsare mata ganin ƙafafunta, ga ƙwarya a ka, ga hanya sau goma sha biyu a yini. Wata ranar Talata saiwa ta kama mata yatsa. Ta yi tangal-tangal, Allah ya sa ba ta faɗi ba, amma mai ya fallatsa ya sale mata wutsiya.

Gauraka ya ce, "Na ce a kula. Kowa ya ji na ce."

Gafiya ta shafa wa 'yarta magani. Da rana ta take, ma'aikata suka shiga inuwa, sai ta zo ta durƙusa gaban saiwa. Haƙora biyu suka rage mata a baki. Ta sa su a saiwar.

Gauraka ya leƙo da dogon wuyansa. "Gwaggo, me kike yi haka?"

"Abin da idonka ya gani."

"Wannan fa saiwar majalisa ce."

"To hana ni."

Ya tsaya ya yi tunani. Hani ba ya cikin abin da aka naɗa shi a kai. Sai ya gyara tsayuwa ya ce, "A kula," ya aika wa Magaji labari. Majalisa kuwa ba ta zama sai wata ya tsaya.

Kwana bakwai Gafiya tana gaigaya, kowace tsakar rana, Gauraka na tsaye a kanta yana cewa a kula. Saiwar kaɗanya ba rake ba ce. Ran kwana na biyar haƙori ɗaya ya karye, ta tofar da jini, ta ɗaure haƙorin a bakin zane, ta ci gaba da ɗayan. Ran kwana na bakwai ta tumɓuke saiwar, ta jefa ta murhu, ta cike ramin da ƙasa ta daddaɓe. Wurin ya yi sumul kamar tsakar ɗakin amarya.

Da wata ya tsaya aka kira ta, a kan laifin ɓarnar kayan majalisa. Hukuncin mai wannan laifi a karɓe masa kayan aiki a sallame shi.

Gauraka ya fara. "Ranka ya daɗe, shekara biyu ina tsaye, rana da ruwa. A zamanina ba wanda ya mutu. Tuntuɓe goma sha ɗaya aka yi, kuma duk goma sha ɗayan na riga na faɗa. Yanzu tsohuwar nan ta cinye mini sarauta, a gabana, ba ta nemi izini ba. In kowa zai tashi ya gyara abin da ya gani, ina amfanin masu rawani?"

Majalisa ta gyaɗa kai, don tambayar ta shafi da yawa.

Gafiya ba ta durƙusa ba. Ta kwance bakin zane ta aje haƙorin gaban Bauna.

Ta ce, "Magaji, na girmi ƙahonka, don haka ka bar ni in gama. Ni ban iya maganar majalisa ba, tukunya na iya. Sau uku na zo nan. Zuwan farko, da farce za a tsinke abin nan. Na biyu, da wuƙa. Na uku kuka yi masa biki. Ɗan hakin da kuka raina, kun ba shi sarki, kun ba shi ganga. Shi wannan mai tukku ya ce ba wanda ya mutu. Mutuwar yake jira kafin ya san aikinsa bai yi ba? 'Yata ba ta ganin ƙafarta. Kunnenta ya ji, wutsiyarta ba ta tsira ba. Da ta faɗi da ƙwaryar nan, rai biyu ne, kuma na san ku, da kun zo gaisuwa da goro kun ce haka Allah ya so. Kun ce za ku karɓi ludayi. Ku karɓa, ku ba Gauraka ya kaɗa muku mai. Amma ba roƙo ya kawo ni ba, ƙara na kawo. Ga haƙorina. Ba ku iya mayar mini da shi, na sani. Abin da nake nema, wani a cikinku ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce saiwa ce, kuma da an tsinke ta tun ran farko. Shi ke nan diyyata."

Zomo ya dubi farcensa. Bushiya ta ce, "Gaskiya ne," sannan ta dunƙule.

Manya suka keɓe suka daɗe. In sun kore ta, ba mai dafa mai. In sun faɗi abin da ta nema, sun faɗi cewa tuwon naɗi a banza aka ci. Da suka dawo Bauna ya yi gyaran murya.

"Majalisa ta duba. Majalisa ba ta ba da umarnin cire saiwa ba, abin da majalisa ba ta cire ba kuwa yana nan. Tun da saiwa tana nan, Gwaggo ba ta yi ɓarna ba, ta riƙe ludayinta. Tun da ba ta cire komai ba, ba ta da ƙara. Sarkin Saiwa ya koma bakin aikinsa."

Gafiya ta ɗauki haƙorinta ta mayar bakin zane. Ta fita kai a sama, masu ɗaukar mai suka dare suka ba ta hanya, abin da ba su taɓa yi wa Magaji ba sai an ce su yi.

Kyauta ta sauka lafiya, 'ya'ya huɗu. Da ta yi arba'in ta koma ɗaukar mai.

Shi kuwa Gauraka, da yake babu saiwar da zai tsaya kusa da ita, sai ya tsaya daidai inda take a da, tsakiyar hanya, a kan ƙafa ɗaya, don kada a manta wurin. Masu tafasasshen mai suna kewaye shi. Makon jiya Zomo ya yi tuntuɓe da shi.

Gwaggo Gafiya ba ta kai maganar majalisa ba. An dai ce in rana ta take takan fito ta daɗe tana duban ƙafar nan, tana shafa haƙorin da ya rage mata da harshe.