Ranar da Nomau Ya Bar Firigo Ya Tafi Kallon Hadari

Ranar Talata bayan azahar na ga maƙwabcina Nomau yana gudu, abin da ban taɓa gani ba tun da ya ajiye tuƙin motar ma'adinai. Rawani a kwance, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ihu: "Firigo! Radiyya, firigo!"

Sai kun san matsayin firigon nan za ku gane gudun. Da shi matarsa Radiyya take haɗa ƙanƙara da bisap, wato zoɓo, mai sanyi tana sayar wa direbobin da ke tafiya Tchibarakaten, kuma tun da aiki ya tsaya, da shi gidan yake cin tuwo. Wutarmu ta Arlit kuwa kun san halinta. Ta tafi babu sallama, ta dawo a fusace kamar wadda aka zaga a hanya. A layinmu kaɗai ta ci tele, wato talabijin, har huɗu da fanka ban san adadi ba. Nomau ya taɓa sayen regilater, akwatin nan da aka ce yana daidaita wuta. Sati biyu ya yi, shi ne ya fara ƙonewa.

Daga ranar sai Nomau ya naɗa kansa regilater. Ya kafa kujera a gindin firigo, ido a kan ƙwan fitila, hannu kusa da waya. Ƙwan ya yi haske fiye da kima, ya fizge. Ya yi ja kamar garwashi, ya fizge. Shekara uku ke nan ko barcin rana bai sani ba. Na taɓa ce masa ya huta, ya dube ni da tausayi.

"Maƙwabci, kai mi kaka da shi in ba radiyo mai batir ba? Wanga firigo shi aka kira rai."

Su kuwa manyan kamfanin wuta, Masu Girma Riƙe da Makunni, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, ba su manta da mu ba. Bara sun yi taron kwana uku a kan yadda talaka zai kare kayan wutarsa. An ci kaji, an raba jakunkuna, aka fito da shawara mai nauyi: in an ga hadari a cire waya daga bango. An ce da injin wuta aka yi taron, don ko su ba su yarda su jona lasifikarsu da abin da suke aiko mana ba. Wannan ai hikima ce, ni ban ga laifinsu ba.

Abin da masu taron ba su sani ba shi ne, mutumin Arlit in ya ga hadari ba bango yake nufa ba, ƙofa yake nufa. Wata goma sha ɗaya rabonmu da gajimare. Ranar Talatar nan, da baƙin hadari ya taso daga wajen duwatsu, tela ya bar keke, mai nama ya bar wuƙa, kowa ya fito ya ɗaga kai. Nomau ya daure, ya daure, har ƙamshin ƙasa ya shigo masa ta taga. Mutumin Tahoua ne, ɗan manoma. Ya fito, ya bi mutane har bakin fili, na gan shi yana dariya kamar yaro, kuma wallahi na ji daɗin ganinsa haka.

Sai aradu ta faɗi a kan turken wuta na bakin kasuwa. A nan ne ya tuna abin da ya bari a jone.

Na bi shi gida ina haki. Muka tarar da Radiyya zaune tana tsince wake, ko a jikinta.

"Kin cire? Ki ce mani kin cire!"

"In cire mi, Malam? Tun kana neman takalmi sunka ɗauke wuta."

Nomau ya zauna daɓas a ƙasa, ya shafa ƙofar firigon, idonsa ya kawo ruwa. Can unguwar manya, inda wuta ba ta ƙiftawa, an ce har injin sanyaya ɗaki ya yi hayaƙi. Mu da aka saba mantawa da mu, ko caja ba mu rasa ba.

Washegari wani Mai Girma ya shiga radiyo ya ce ɗaukewar nan matakin kariya ne da suka tsara tun da daɗewa. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don yau kwana biyar ke nan suna ci gaba da kare mu. Direbobi sun daina tsayawa a ƙofar Radiyya, ba mai sayen bisap mai ɗumi. Firigon dai lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Jiya na leƙa na ga ta fara jera kwanuka a ciki.